CINIKI TSAKANIN ƘASA DA ƘASA

Kai mai karatu, dubi abin da ke gidanka. Rediyon da ka ke saurara, da wayar da ke cikin aljihunka, galibi daga ƙasar Sin aka kawo su. Burodin da ka karya kumallo da shi, yawancin alkamarsa sai da ta ƙetaro teku. Keke mai ƙafa uku da ke ɗauko mutane daga Rigasa zuwa cikin gari, kamfanonin Indiya ne ke ƙera shi. To, mutanen waɗannan ƙasashe ba kyauta su ke ba mu ba. Darasinmu na yau shi ne mu san abin da mu ke ba su a madadi, da yadda wannan ciniki ya ke taɓa aljihun talaka.

ASALIN CINIKI

Allah bai tara arzikin duniya a wuri ɗaya ba. Ya sa gishiri a Bilma cikin hamada, inda hatsi ba ya yi. Ya sa goro a kurmi, ya sa gero da auduga da dabbobi a ƙasar Hausa. Saboda haka tun zamanin kakanni Buzaye ke kawo gishiri a kan raƙuma, su koma da gero da turkuɗi. Fatake kuma su ɗauri jakuna su tafi Gwanja da kanwa da tufafi, su komo da goro. Jemammun fatun Kano da Sakkwato su kan ratsa hamada har su kai Turai. Kowa ya ba da abin da ya ke da shi da yawa, ya karɓi abin da ya rasa. Yau jiragen ruwa sun maye gurbin raƙuma, amma asalin maganar bai sake ba.

DON ME A KE SAYEN ABIN DA A KE IYA YI?

Wani zai ce, abin da ba mu da shi mu saya, amma wanda mu ke iya yi da kanmu fa? Ga misali. Akwai tela wanda ya iya noma, har ya fi ɗan ƙodago saurin huɗa. Amma in ya zauna bisa kekensa yini guda, zai sami kuɗin da zai biya 'yan ƙodago uku. In ya bar ɗinki ya tafi gona, ya yi aikin mutum ɗaya da rabi, ya yi hasarar ladan mutum uku. Abin da ya fi masa shi ne ya riƙe ɗinkinsa, ya ɗauki 'yan ƙodago. Shi ya ci riba, su ma sun sami aiki.

Haka ƙasashe su ke. Ko wace ƙasa ta fi amfana in ta ba da ƙarfi ga abin da ya fi mata sauƙin yi, ta sayi sauran da ribarsa. Wani masani na Ingila, David Ricardo, shi ya bayyana wannan ƙa'ida a cikin littafinsa a shekarar 1817.

HANYA ITA CE RAN CINIKI

Tun da daɗewa a ke noman gyaɗa a ƙasar Kano, amma ba a kai ta Turai, domin ladan dakonta zuwa bakin teku ya fi kuɗinta. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, sai dako ya yi araha. Turawan mulki auduga su ke fata don masaƙun Ingila. Manoman Kano kuwa suka lissafa, suka ga gyaɗa ta fi riba, domin a Turai ana neman manta don yin sabulu da man shafawa a burodi. Daga 1912 cinikin gyaɗa ya bunƙasa, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka shiga saye, har aka riƙa jera buhuna tsibi tsibi kamar duwatsu. Ka ga ƙasar ba ta sake ba, manoman ma su ne na da. Hanya kaɗai aka samu.

KAYA DA KAYA A KE BIYA

Yanzu mu zo gida. A watan Yuli na 2016 aka buɗe sabon layin dogo daga Idu ta Abuja zuwa tashar Rigasa, tsawonsa kilomita 186. Wani kamfanin ƙasar Sin mai suna CCECC ya yi aikin, kawunan jirgin da taragai kuma daga can aka kawo su. Wani bankin gwamnatin Sin ya ranta wa Nijeriya dalar Amurka miliyan 500 domin aikin.

To, lura da wannan. Mai shiga jirgi a Rigasa da naira ya ke sayen tikiti. Amma bashin da dala aka ci shi, da dala kuma za a biya. Nijeriya ba ta buga dala. Ba ta samunta sai ta sayar wa wata ƙasa da wani abu, ko 'ya'yanta da ke aiki a waje su aiko da kuɗi gida, ko baƙi su kawo jari, ko kuwa ta sake cin wani bashin. Watau dai jirgin da ka ke gani, ɗanyen mai da koko da riɗi da citta su ne za su biya shi. Kuɗi ɗan aike ne kurum. Rance yana jinkirta biya, amma ba ya kankare shi. Kowa ya ci ladan kuturu, ai sai ya yi masa aski.

ABIN DA KE HAWAR DA DALA

Dala haja ce kamar tumatir. In ta yi yawa a kasuwa ta yi araha, in ta yi ƙaranci ta yi tsada. Masu kai kaya waje su ke kawo ta, masu shigo da kaya su ke nemanta.

An fara fitar da ɗanyen mai daga Nijeriya a 1958. Sannu a hankali ya danne gyaɗa da auduga da ƙiraga, har aka yi shekaru da yawa wajen kashi tara cikin goma na kuɗin da ƙasar ke samu daga cinikin waje, daga mai su ke fitowa. Farashin mai kuwa ba mu ke yanka shi ba. A tsakiyar 2014 ganga ɗaya ta haura dala 100, a watan Janairu na 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30. Dala ta yi ƙaranci, naira ta faɗi, kaya suka yi tsada. Sa'ad da aka fito da naira a 1973, naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. A cikin 2024 sai da dala ɗaya ta haura naira 1,500.

Ga yadda abin ke isowa gare ka. Mai shigo da alkama ya sayi dala da tsada, ya ƙara wa mai niƙa, mai niƙa ya ƙara wa mai gashi, mai gashi ya ƙara wa mai shayi. Kai da ba ka taɓa riƙe dala ba, kai ne za ka biya a bakin tebur. Shi ya sa ƙasar da ta dogara ga haja ɗaya ta ke cikin haɗari. Mutanen da sun ce, gida biyu maganin gobara.

KUƊIN FITO

Gwamnati ta kan aza haraji a kan kayan da ke shigowa, shi ne kuɗin fito, ma'aikatan kwastan ke karɓarsa. Amfaninsa biyu ne: yana kawo wa baitulmali kuɗi, yana kuma sa kayan waje su yi tsada don na gida su sami shiga. Amma fa mai saye shi ke biyansa. In kuma ya yi nauyi ƙwarai, sai 'yan fasa-ƙwauri su sami abin yi.

Masaƙun Kakuri sun ishe mu darasi. A 1957 aka buɗe ta farkonsu, Kaduna Textiles, wasu kuma suka biyo baya, suna saƙa audugar Arewa, dubban magidanta na cin abinci a cikinsu. Daga baya wutar lantarki ta yi wuya, injuna suka tsufa, atamfa mai araha ta riƙa shigowa ta ɓarauniyar hanya. A 2002 ta farkon nan ta rufe. An sha hana shigo da yadi, amma hani bai ceci masaƙun ba, domin saƙar gida ta fi ta waje tsada. Ka ga ciniki yana da riba, yana kuma da waɗanda ya kan kayar. Mai saye ya sami zane da araha, masaƙi ya rasa aikinsa.

RABONKA A CIKI

Kada ka ce wannan magana ta manya ce. Cittar da a ke nomawa a ƙasar Kachiya, da riɗi, da zoɓorodo, duk ana neman su a ƙasashen waje, kuma ko wane buhu da ya fita dala ya ke jawowa. Amma mai saye na nesa bai san fuskarka ba, kayanka kaɗai ya sani. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Nijeriya, domin an tarar da maganin ƙwari a jikinsa fiye da kima. Waɗansu ne suka zuba maganin, amma hanin ya shafi kowa da kowa.

Saboda haka in kai manomi ne, shanya amfaninka ya bushe sarai, kada ka gauraya shi da tsakuwa ko ƙasa, kada ka zuba magani sai yadda malamin gona ya nuna maka. In kai ɗan kasuwa ne, cika mudu, cika alkawari. In kai mai sana'a ne, kyautata aikinka har ya iya tsayawa kusa da na waje. Ƙasa ba ta iya sayen abin da ya fi ƙarfin abin da mutanenta su ke sayarwa, sai da bashi.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa telan nan bai kamata ya bar ɗinki ya tafi gona ba?
2. Da naira a ke sayen tikiti a Rigasa. Da me za a biya bashin jirgin?
3. In farashin ɗanyen mai ya faɗi, ta yaya abin zai iso wurin mai shayi?
4. Faɗi abubuwa uku da a ke nomawa a ƙasarku waɗanda a ke kaiwa waje.