Kyamarar Gilashin Mota da Yadda Ake Adana Shaidarta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin babban titin da ya taso daga Jos ya ratsa Bukuru ya nufi Mararrabar Jama'a, a sa'ar da motoci biyu suka gogi juna, ya san yadda lamarin yakan kasance: kafin jami'an kiyaye haɗurra su iso jama'a sun yi cincirindo, kowane direba yana rantsuwa shi ne a kan hannunsa, waɗanda kuwa suka fi ɗaga murya wajen ba da shaida galibi ƙarar karon kawai suka ji. Domin maganin irin wannan jayayya ake amfani da 'yar ƙaramar kyamara da ake liƙawa a gilashin gaba, tana ɗaukar bidiyon duk abin da ke gaban mota tun daga tayar da ita har kashe ta. Direbobin Rasha sun daɗe da riƙonta, shi ya sa ran 15 ga Fabrairun 2013, da wani dutse ya keto daga sama ya fashe bisa birnin Celyabinsk, yawancin hotunan da duniya ta gani daga gilasan motoci suka fito.

Mu mutanen Bukuru ba baƙin lantarki ba ne, domin tun zamanin haƙar kuza kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929 kuma hedkwatarsa take garin nan, yake jawo wuta daga ruwan Kurra. Tun kuwa da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, zancen mota mai aiki da batir ya shigo hirar tasha. Waɗansu daga cikin irin waɗannan motoci, kamar Tesla, da kyamarorinsu a jiki suke fitowa daga masana'anta, sai dai mai mota ya soka musu filashin ajiya. Har yanzu ba su yawaita a titunanmu ba, amma darasin nan ɗaya ne ga mai motar batir, da mai motar fetur, da mai Keke Napep.

Abin da ya wajaba a fara fahimta, wanda kuma jahiltarsa ta sa mutane da dama suka yi asarar hujjarsu, shi ne cewa kyamara tana aiki ne kamar allon almajiri. Tana rubuta bidiyo gunduwa-gunduwa, minti ɗaya ko uku, a cikin ɗan katin nan da muke kira memori. Idan kati ya cika, sai ta wanke mafi daɗewa ta rubuta sabo a gurbinsa, ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Kati mai giga 32, in an saita hoto ya fita tangaran, abin da yake riƙewa bai wuce aikin awa huɗu ko biyar ba. To, ka ƙaddara direba ya yi lodi da asuba zuwa Abuja, wata babbar mota ta goge shi a gangaren Hawan Kibo, suka yi cacar baki suka rabu, ya ce a ransa sai ya komo gida da dare zai duba. Ai kafin ya komo an wanke allon, abin da zai tarar hoton hanyar dawowa ne kawai.

Saboda haka, da zarar abu ya auku, bayan an duba lafiyar mutane, wanda shi ne farilla ta farko, sai a danna maɓallin kulle da ke jikin kyamara, wanda yake hana ta goge wannan gunduwar. Akasarin kyamarori suna kullewa da kansu in sun ji jijjiga mai ƙarfi, amma guga mai sauƙi ba lalle ta motsa su ba, kuma ni a ra'ayina bai kamata mai hankali ya jingina haƙƙinsa ga wannan ba. Abin da ya fi aminci shi ne a kashe kyamara, a zare katin, a naɗe shi a takarda a sa aljihu, a soka wani da aka tanada tun farko.

Daga nan sai kwafi, kuma a ranar. Malamanmu na da, in littafi yana da daraja a wurinsu, sukan sa ɗalibai su kwafe shi domin kada gobara ko gara su tafi da shi gaba ɗaya. Haka nan za a yi wa bidiyo: ɗaya a waya, ɗaya a kwamfuta ko filashi a gida, na uku a ma'ajiyar intanet irin Google Drive, wadda take ba kowa giga 15 kyauta, ta yadda ko an sace waya ko kati ya lalace, shaida tana nan. A kiyaye da turawa ta WhatsApp a matsayin bidiyo, domin yana matse hoto har lambar mota ta dushe. A tura shi a matsayin fayil. Kada a yanke, kada a ƙara masa rubutu ko sauti. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta yarda kotu ta karɓi hujjar da ta fito daga na'ura, bisa sharaɗin a nuna na'urar tana aiki daidai a lokacin, don haka asalin kati da sahihin kwanan wata da agogon kyamara suna da nauyi ƙwarai a gaban alƙali da kamfanin inshora.

Kati kuwa a sayi na gaske, irin wanda aka yi musamman domin rubutu ba hutawa, domin jabu sun cika kasuwa. A riƙa wanke shi a cikin kyamara wata-wata bayan an kwafe abin da ake bukata, a kuma goge ƙurar hunturu daga gilashi.

Saura batun gani daga nesa. Kyamara mai wayifai kaɗai sai ka matso kusa da mota wayarka take kama ta. Wadda ake sa wa layin waya ita ce mai motar haya zai zauna a shagonsa a kasuwar Bukuru ya buɗe manhaja ya ga motarsa tana tsaye a Taminus da ke Jos, muddin akwai data da sabis. Gadin da kyamara take yi wa mota a ajiye yana cin wuta: a motar fetur yakan zuƙe ƙaramin batir har ta ƙi tashi da safe, a Tesla kuwa gadin yana tsayawa da kansa idan caji ya sauko zuwa kashi 20 cikin ɗari. A sa wa kyamarar kalmar sirri mai ƙarfi, kada a bar wadda na'ura ta zo da ita.

Akwai kuma amana a ciki. Shari'a ta hana tajassusi, wato bibiyar asirin mutane, saboda haka wajibi ne mai mota ya sanar da direbansa cewa akwai kyamara, ya kuma kashe ɗaukar murya in ba larura. Hoton wanda ya ji rauni ko ya riga mu gidan gaskiya a haɗari ba abin yaɗawa a Facebook ba ne. A miƙa shi ga hukuma, a kiyaye mutuncin iyalinsa.

Ya kai mai karatu, in akwai kyamara a motarka ko motar da kake tuƙawa, yau kafin ka kwanta ka zare katin, ka buɗe shi a waya, ka tabbatar hoto yana fita, lambar mota tana karantuwa, kwanan wata kuma daidai yake.