Kada Ku Yar da Guntun Tikitin Nan

Wanda ya taɓa kallon wasan kwaikwayo a Drama Village ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ko ya hau jirgin ƙasa daga tashar Sabon Gari, ya san ɗan guntun takardar da mai tsaron ƙofa ke yaga ya miƙo masa. Yau abin na ƙaurace mana. Tun 2021 jirgin Abuja zuwa Kaduna ya koma sayar da tikiti ta intanet, masu shirya wasanni ma turo kuɗi ta waya suke cewa a yi. Ranar da wayar ta ɓace, shaidar ta bi ta.

Don haka in kuna da tsohon tikiti a ƙasan akwati, ku fito da shi. Ku rubuta ranar wasan da wurin da aka yi shi a bayansa da fensir, domin biro yakan ratsa takarda. Kada a shafa masa gam ko salatif. Ambulan mai tsabta ya isa, a ajiye nesa da danshin damina da gara.

Na fi jin tsoron irin takardar da na'urar POS ke fitarwa. Zafi ne ke rubutu a kanta, shi ya sa take koɗewa, in kuma aka kai ta a lulluɓe da leda mai zafi, baƙi ƙirin za ta koma. Irin wannan a ɗauki hotonta tun yau, a wanke shi, a haɗa su a ambulan ɗaya.