Ƙaiƙayin Kare: Abin Da Ya Kamata Mai Kare Ya Sani

Jama'a da yawa a Maiduguri da ƙauyukan da ke kewaye da ita suna ajiye kare, ko don gadin gida, ko don farauta, ko don tsaron garke. Sau da yawa sai a ga kare ya kwana yana susa, yana lasar ƙafafunsa, yana gartsa wa kansa cizo har gashi ya zube. Maigida kuwa sai ya ce ai halin kare ne. Wannan kuskure ne. Ƙaiƙayin da ya wuce mako guda alama ce ta wata cuta, kuma maganinsa ya danganta ga abin da ya kawo shi.

Mafi yawa ƙuma ce. Yawunta ne ke tayar wa wasu karnuka borin jini, har cizo ɗaya ko biyu ya hana su barci na kwanaki. Irin wannan kare ya fi susar gadon baya da gindin wutsiya. Ƙuma tana yin ƙwai a jikin kare, amma ƙwan yana zubewa cikin rairayi da tsummokaran da yake kwanciya a kai. Saboda haka wanda ya wanke kare ya bar makwancinsa bai yi komai ba. Kaska ita ma haka take, a tsagar bango take ɓuya, ta fi yawaita da damina.

Wadda ta fi shafar iyali ita ce ƙazuwa. Wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani yake haƙa rami cikin fata, ya yi ƙwai a ciki. Takan fara daga gefen kunne da gwiwa da ciki, fata ta yi kauri, ta yi ɓawo. Daga ƙwai zuwa babban ƙwaro kamar mako 3 ne, shi ya sa magani sau ɗaya ba ya isa. Tana kama sauran karnukan gida da na ayarin farauta, tana kuma taɓa mutum. Yaron da ke wasa da irin wannan kare yakan fito da ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu da ciki. A kai yaron asibiti, a kai karen wurin likitan dabbobi.

Akwai kuma karen da ba a samun ƙwaro ko ɗaya a jikinsa, amma ba ya daina lasar tafin ƙafa. Wannan jikinsa ne ba ya shiri da wani abinci, ko da ƙura, musamman da hunturu lokacin da fata ke bushewa. Gane na abinci yana bukatar haƙuri, domin likita yakan canza abincin har kamar mako 8 kafin ya tabbata.

To, ga inda mutanenmu suka fi yin ɓarna. Ana shafa wa kare baƙin mai na mota, ko kananzir, ko fiya-fiya, ko maganin feshin gona. Kare kuwa duk abin da aka shafa masa sai ya lashe. Baƙin mai yana ƙona fata, maganin feshi kuma yana iya kashe shi a yini guda, ban da haɗarin da ke kan wanda ya shafa da hannunsa. Allurar Ivermectin tana maganin ƙazuwa, amma da awo ake yin ta gwargwadon nauyin kare, kuma akwai jinsunan karnukan Turai da take yi wa illa. Kada a saya a kasuwa a yi da ka.

A Maiduguri akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Maiduguri, akwai kuma asibitin dabbobi na gwamnatin jihar Borno. Likita zai kankaro ɗan ɓawon fata ya duba a madubin likita. In za a je, a tafi da duk karnukan gidan, a faɗi abincin da suke ci da duk abin da aka riga aka shafa musu. A ranar kuma a ƙone tsofaffin tsummokaran makwancin, a share wurin, a wanke hannu da sabulu.