Shirin Hutu a Tsibirin Zanzibar

Wanda ya ƙuduri zuwa hutu a Zanzibar, tsibiran Tanzaniya da ke cikin Tekun Indiya, ya kamata ya fara da zaɓen lokaci, domin daga Maris zuwa Mayu ake yin masika, wato babbar daminar da ruwa kan wuni yana zuba, alhali daga Yuni zuwa Oktoba sararin sama kan washe, zafi kuma ya sassauta. Matafiyin da ya taso daga Nijeriya sai ya riƙe katin rigakafin cutar shawara, ya kuma tanadi kuɗin inshorar dole da aka ɗora wa baƙi tun Oktoban 2024.

Wurin sauka ne ya fi buƙatar nazari. A gaɓar gabas, kamar ƙauyukan Paje da Jambiani, teku kan janye da nisa sau biyu a rana, har a ga mata sun shiga cikin rairayi mai laima suna girbin ciyawar ruwa, wanda hakan abin kallo ne amma yana hana iyo na sa'o'i, saboda haka mai son wanka a kowane lokaci gara ya nufi Nungwi a arewa. Mazauna tsibirin galibinsu Musulmi ne, don haka abincin halal ba ya wahalar samu, sai dai a lungunan tsohon birnin Stone Town ana son baƙo ya suturta jikinsa, musamman a watan azumi.