Darasin Juma'a: Dukan Mace Mai Ciki

A gidajen haya na Suleja ɗaki manne yake da ɗaki, muna jin kukan mace mai ciki ta bayan bango, mu ce tsakanin miji da mata sai Allah. Alhali yawancin matanmu iyayensu na Katsina ko Kano, ba gidan da za su ruga cikin dare.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wata mata 'yar ƙabilar Huzailu ta jefi wata da dutse, ta mutu da abin da ke cikinta. Annabi (SAW) ya yanke diyyar matar, ya kuma yanke ta ɗan tayin daban. Malamanmu na Malikiyya suka ƙaddara ta da kashi ɗaya cikin goma na diyyar uwar. To, zama miji ba ya ɗauke wa mutum wannan. Ita ma dokar VAPP ta 2015, wadda ke aiki a Abuja nan kusa da mu, ta haramta dukan mata.

Naushi ko shuri a ciki yana iya raba mabiyiya da mahaifa, jini ya ɓalle, wani lokaci ma a ciki yake taruwa ba a gani. Hana ta kuɗin awo shi ma cuta ne.

In an buge ta, musamman in ta ga jini, ko mara ta murɗa, ko ɗan ya daina motsi, a kai ta Babban Asibitin Suleja nan take, kar a tsaya jiƙo. Maganar sulhu wurin Liman ko mai unguwa sai bayan likita ya duba ta.