Rakodar Aljihu: Aminiyar Malami

Kusan kowane ɗalibi a kwalejin nan yana da 'yar na'urar sauraren waƙa ta MP3 a aljihu, ko kuwa wayar hannu mai yin aikinta. Amma galibi waƙa kaɗai ake ji da ita, an manta tana ɗaukar magana. Nufin wannan darasi shi ne mu nuna yadda malami zai mai da ita kayan aiki, kamar alli da allo.

Bari mu fara da asalinta. A 1877 Thomas Edison na Amurka ya ƙera na'ura ta farko mai ɗaukar murya ta maimaita. A 1963 kamfanin Philips ya fito da kaset, a 1979 kuma Sony ya yi Walkman, wanda mutum ke yawo da shi. Sa'an nan masana a Jamus suka jagoranci samo hanyar matse sauti wadda ake kira MP3. Apple ya fito da iPod a 2001, ya daina yinsa a 2022, don wayar hannu ta gaje aikin.

To, yaya take aiki? Murya girgizar iska ce. Makirfo yana mai da girgizar nan lantarki, na'urar kuwa tana auna ƙarfinsa sau dubbai cikin daƙiƙa guda, sau 44,100 a ma'aunin faifan CD, ta ajiye kowane awo da lamba. In za a saurara, sai ta mai da lambobin su koma sauti. Matsakaicin MP3 yakan ci wajen megabayit 1 a minti guda. Watau darasin minti 40 zai ci megabayit 40, katin memori mai gigabayit 8 kuwa zai ɗauki darasi wajen 200.

Amfaninta na farko shi ne malami ya ji kansa. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Idan ka fita gwajin koyarwa, nemi izinin hedimasta, ka aza ta bisa tebur, ka yi darasinka kamar kullum. Da dare ka saurara da fensir a hannu. Minti nawa ka yi kana magana, minti nawa yara suka yi? Tambaya nawa ka yi, kuma ka ba su lokacin tunani? Kalmomin Turancinka suna fita sarai? Wanda ya gyara waɗannan tun yana ɗalibi ba zai ji kunya ba ran da mai duba aiki ya shigo ajinsa.

Amfani na biyu ya fi wannan nauyi. Jihar Gombe, wadda aka kafa a 1996, tana da harsuna da yawa: Fulatanci, Tangale, Tera, Waja, Tula, Bolanci da sauransu. Yara da yawa da suka tashi cikin garin Gombe Hausa suka fi ji, harshen kakanninsu kuwa sai kaɗan-kaɗan. Tsofaffin da suka san tatsuniyoyi, da waƙoƙin daka da na noma, da labarin Buba Yero wanda ya kafa masarautar Gombe, da yadda aka mai da hedkwata garin nan a 1919, kullum raguwa suke yi. Mamman Shata ya rasu a 1999, amma har yau muna jin muryarsa don an ɗauka. Kakarka da ke Billiri ko Dukku ko Kaltungo fa, wa zai ɗauki tata in ba kai ba?

In za ka yi wannan aiki ran hutu, kiyaye abu biyar:

1. Kada ka ɗauki muryar kowa a ɓoye. Gaya masa abin da za ka yi da ita, in ya ƙi ka haƙura.
2. Fara da faɗin kwanan wata, da sunan gari, da harshen da za a yi magana.
3. Zauna cikin ɗaki, nesa da ƙarar janareta da iska, na'urar kuwa kada ta wuce kamu biyu daga bakin mai magana.
4. Cika batir kafin ka tafi, ka kiyaye ta daga zafin rana da ƙurar hunturu.
5. Kwafe abin da ka ɗauka a wuri biyu. Katin memori ƙarami ne, ɓatansa ba wuya, kuma yakan lalace ba zato.

Aikin mako: kowane ɗalibi ya ɗauki tatsuniya guda daga bakin wani dattijo, ya rubuta ta da harshen da aka faɗe ta, ya fassara da Hausa, ya kawo wa malamin ajinsa. Waɗanda suka fi kyau mā ajiye su a ɗakin karatu, don amfanin na baya.