Kafin ki sayi injin kwaɓa fulawa

Uwargida, kafin ki je kasuwa ki tambayi kanki: wane kwaɓi ne mafi tauri da za ki riƙa yi? Idan kek ne da buga ƙwai jefi-jefi, ƙaramin injin riƙewa a hannu ya ishe ki, ki adana kuɗinki. Idan kuwa burodi, donat ko cincin kike yi duk mako, ko kina yin na sayarwa, to babba na ɗorawa a tebur ya kamace ki. Kwaɓi mai tauri shi ke tona asirin inji.

Kada yawan wat da aka rubuta a kwali ya ruɗe ki. Wutar da injin ke sha ke nan, ba ƙarfin murzawarsa ba. KitchenAid Artisan wat 300 ne kacal, amma yana murza kwaɓin burodi, alhali wani mai arha da aka rubuta wa 1,500 yana ɗaukar zafi cikin 'yan mintuna. Ki ɗaga shi ki ji nauyinsa. Mai jikin ƙarfe yana zama daram, na roba marar nauyi kuwa da ya haɗu da kwaɓi sai ya kama rawa yana tafiya a kan tebur. Ki tambaya ko haƙoran cikinsa na ƙarfe ne.

Kwanon silba mai lita 4.5 zuwa 5 ya ishi gida, yana ɗaukar kusan kilo ɗaya na fulawa. Mai sana'a ta nemi lita 7. Ki tabbata an haɗa miki kawuna uku: mai waya na buga ƙwai, mai faɗi na haɗa bota da sukari, sai ƙugiya ta murza kwaɓi. Ki sa a kunna a gabanki, ki ga kan yana juyawa yana kuma zagaya kwanon, yana kaiwa kusa da ƙasa. In ba ya kaiwa, kullum za ki tarar da busasshen gari a gindin kwano.

Sai batun wuta, inda da yawa suke asara. Wanda aka yi don Amurka na wuta mai volt 120 ne, tamu kuwa 230 ce. In kika jona shi kai tsaye, zai iya ƙonewa nan take. Ki karanta lambar da ke ƙarƙashinsa, musamman in na gwanjo ne. Na Ingila, irin su Kenwood Chef, sun dace da wutarmu. Ki kuma duba ko janaretanki zai iya ɗaukarsa.

In ya shigo gida, ki murza kwaɓi mai tauri a ƙaramin gudu, kada ki cika kwano, ki hutar da shi in ya yi zafi. Kuma ki zaɓi wanda mai gyara a garinku ya sani, ake samun kayansa, ko da ya ɗan fi tsada.